Kuɗin na mutum biyar ne, burin nawa ne ni kaɗai: in ware ko in zauna?

Baban Amira:
Assalamu alaikum. Kwana uku ke nan ina rubuta wannan saƙo ina gogewa, yau dai na ce bari in sake shi. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda zai ce mini "ka yi haƙuri" ya daure ya karanta har ƙarshe tukuna.

A watan Agustan 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, shinkafa 'yar gida ta samu kasuwar da ba mu taɓa gani ba. Lokacin ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a cikin Kano, albashin ba ya kai ni ashirin ga wata. Ni ɗan Kura ne, cikin ƙarar injin casa da ƙurar ɓuntu na tashi, na san jamila da sipi tun kafin in san ba da ba. Sai na tara mutum huɗu: yayana da muke ciki ɗaya, abokaina biyu na makaranta, da ƙanwar mahaifiyarmu wadda ta kwashi adashinta ta ba mu. Kuɗina ne mafi ƙanƙanta, amma ni ne na ajiye aiki na tsaya a kan harkar. Muka yi alkawari komai sai an zauna, abin da mutum uku suka yarda da shi shi za a yi. Ba mu rubuta ko layi ɗaya ba, fatiha muka shafa aka tashi.

Aikin shi ne mu sayi shanshera, mu ba mata su yi gumi, wato su turara, a shanya, a kai injin haya a cashe, mu sayar wa 'yan kasuwa. Ni kuwa tun ranar farko abin da ke raina daban ne. Ina son mu mallaki injinmu, da na cire tsakuwa, mu buga buhu da sunanmu, matar da ke Legas ko Fatakwal ta ɗauki shinkafar Kura ta zuba a tukunya ba tare da ta zauna tsinta ba. Sau uku ina kawo maganar a zama, sau uku ana kayar da ni.

Da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 farashin abinci ya tashi, wanda ya saya ya kulle a sito ya fi mai wahalar gumi samun riba. Suka ce a daina casa, a zuba kuɗin duka a ajiya. Aka yi, aka ci riba sosai, ban musa ba. Kakar 2024 suka ce a maimaita, uwa da riba gaba ɗaya. Na ce ku ji tsoro, gwamnati ta riga ta sanar tun a Yuli cewa ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, har da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Aka kaɗa, huɗu da ɗaya. Kowa ya san yadda farashin hatsi ya karye a 2025. Kusan kashi ɗaya cikin uku na jarinmu ya tafi.

Abin da ya fi damuna ba asarar ba ce. Ranar da muka sayar da buhun ƙarshe a kan faɗuwa, na ji wani ɗan sanyi a raina cewa maganata ta fito. Kuɗin innata ya narke ni kuma ina jin daɗi. Tun daga ranar na tsorata da kaina. Shekarata 36. In cire ɗan abin da ya rage mini in fara nawa ko da ƙarami ne, ko in ci gaba da zama ana kayar da ni?

Na Bakin Kasuwa:
Ware. Ba a sarki biyu a gari ɗaya, ku kuma har biyar kuka naɗa.

Maman Khalifa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin a kai ga ware ko zama, tambaya ɗaya gare ni: shekara shida kana tsaye a rana, ana biyan ka albashi, ko rabon riba kawai kake jira kamar sauran?

Baban Amira:
Babu albashi, Yaya. Kuɗin mota da na abinci nake cira in rubuta. In an tashi rabo sai a ɗan ƙara mini wani abu a ce na wahala, gwargwadon abin da yayana ya ga dama.

Maman Khalifa:
To ga ciwon nan, ba inji ba ne. Ni uwar adashi ce shekara goma sha ɗaya, mata ashirin da huɗu nake riƙe wa zubi, kuma abin da na koya shi ne duk wanda ake biyan wahalarsa da "an gode" wata rana sai ya fara ƙirga laifin mutane. Wannan sanyin da ka ji a ranka ba mugunta ba ce, bashi ne zuciyarka take bin su. Mu a wajenmu tun ranar farko kowa ta san abin da uwar adashi take ɗauka, an faɗa a gaban kowa, babu mai yi mini alfarma babu wadda nake yi wa. Kai kuwa an haɗa maka riga biyu, ta mai jari da ta yaron shago, ana biyan ka kuɗin guda.

Alhaji Na Kwari:
Ɗana, na karanta. Shekarata arba'in da wani abu a Kantin Kwari, na ga haɗaka iri-iri, wadda ta yi albarka da wadda ta raba zumunci har jikoki. Bari in ba ka labarin da kakana ya ba ni, shi ya bi ayarin Gwanja yana yaro.

Fataken da ke zuwa sayen goro, tafiyar wata da watanni ce, mutum ɗaruruwa. Kowane falke da jakunansa, da kanwarsa, da tufafinsa na sayarwa, ribarsa tasa ce, faɗuwarsa tasa ce. Amma inda za a yada zango, da ranar da za a tashi, da yadda za a daidaita da sarkin da za a ratsa ƙasarsa, wannan na madugu ne. Ga jagaba a gaba yana duba hanya. Madugu yana jin ta bakin manyan fatake da dare, amma in gari ya waye ya ce a ɗaura kaya, ba wanda zai ce a tsaya a ƙirga hannu. Wanda bai gamsu da shi ba, baɗi sai ya bi wani madugun. A tsakiyar daji dai ba a sauya shi.

Ku abin da kuka yi, kun tashi ayari babu madugu. Ka san kasuwar shanshera takan juya tsakanin hantsi da azahar. Kafin ka kira mutum huɗu, wannan yana ofis, wannan wayarta a kashe, dillali ya sayar wa wani. Shawara ɗaukar ɗaki ce, gaskiya ne, amma ko jinkar ake ɗauka mutum ɗaya ne yake cewa "a ɗaga".

Injiniya Sabo Gari:
Ranka ya daɗe Alhaji, ina da ja kaɗan. Ba rashin madugu ne ya kayar da su ba. Abin da suka yi saɓani a kai ba cinikin yau da gobe ba ne, alkiblar kasuwancin ce gaba ɗaya: masana'anta za a yi ko ajiya. Wannan ko a ayarin ne, ai madugu ba zai ce wa mutanen da suka fito don Gwanja a juya a nufi Agadas ba. Dole masu kuɗi su yarda.

Sannan kada mu ɗauka don ajiya ta faɗi, inji zai ci. Masu injinan ma sun ji jiki a wannan faɗuwar, da yawa sun rage aiki. A Afrilun 2024 wanda ke layin wuta na rukunin A, wato masu samun wuta sa'o'i mafi yawa, kuɗin wutarsa ya tashi zuwa naira 225 kowane ma'auni, wanda ba ya samun wutar kuma dizal ne ke cin sa. Buhun shanshera in ka cashe, abin da zai fito bai fi kashi biyu cikin uku ba, sau da yawa ƙasa da haka, cikinsa ma akwai karyayya. Buhu mai suna kuma yana buƙatar rajistar NAFDAC. Baban Amira, ka taɓa zama ka rubuta musu wannan lissafin a takarda, ko da baki kake faɗar burin?

Baban Amira:
Gaskiya da baki ne. A kaina lissafin yake.

Injiniya Sabo Gari:
To ka ga. Ni ma da ina cikinsu da hannuna zai tashi tare da huɗun.

Ummu Hanan:
Ni wani abu ne ya tsaya mini a wuya, ku gafarce ni. Kowa yana ta jajanta asara, ba wanda ya ce komai a kan sayen abinci a kulle a sito ana jiran ya yi tsada. Mu da muke auna kwano a 2024 mun san abin da muka gani. Har hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe ta Kano sai da ta rufe wasu rumbuna a Dawanau a Fabrairun shekarar saboda zargin ɓoye kaya. Ba na murna da faɗuwar kowa, amma ribar farkon nan daga aljihun wa ta fito?

Na Bakin Kasuwa:
Hajiya, in babu mai saye a kaka ya ajiye, wa zai sayar miki a bazara? Manomi ma so yake a samu mai ɗauka lokacin da kaya suka yi yawa.

Malam Na Zaure:
Bismillah. Maganar Ummu Hanan tana da gurbi. Malamai sun bambanta tsakanin wanda ya saya lokacin yalwa ya adana, da wanda ya kwashe kaya daga kasuwa lokacin da mutane ke cikin ƙunci don ya ƙuntata musu. Na biyun shi ne ihtikari da aka hana. Kowa ya san niyyarsa, ba zan yanke wa mutanen da ban ji ta bakinsu ba hukunci.

Amma abin da ya sa na sa baki shi ne tsarin haɗakar. A fiƙihunmu na Malikiyya, in mutane sun haɗa dukiya, riba da asara suna bin gwargwadon abin da kowa ya zuba, aikin ma haka. In kuwa wani ne ya ba da dukiya wani ya yi aiki, wannan ƙiradi ne: ana yanka wa mai aiki kaso sananne daga riba tun farko, rabi ko sulusi ko abin da aka yarda, in an faɗi ba da sakacinsa ba, mai dukiya ya yi asarar dukiya, shi ya yi asarar guminsa. Naku ya faɗa tsakiya, ba wannan ba ba wancan ba, shi ya sa "gwargwadon abin da yaya ya ga dama" ya shigo. Ku sami malami a garinku ku zauna ya warware muku. Kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. In an ce a rubuta bashi tsakanin Sahabbai, ban ga wanda ya fi ƙarfin takarda ba.

Game da kayar da kai da ake yi kuwa, ka tuna Uhudu. Ra'ayin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne a tsaya a cikin Madina. Masu son a fita, galibinsu matasa, suka rinjaya, ya bi su ya sa sulke. Abin da ya faru ya faru. Bayan haka ne aya ta 159 a Ali Imrana ta ce ya yafe musu, ya nema musu gafara, ya kuma ci gaba da shawartar su. Ba a ce ya tuna musu cewa shi ya faɗa tun farko ba.

Baban Amira:
Allah ya gafarta Malam, wannan ta ƙarshen ta same ni.

Abu Sadik:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ina tunanin ko in yi shiru. Ni ne ɗaya daga cikin abokan nan biyu da ya ambata. Bai san ina wannan zaure ba, ko ya manta.

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma na yarda mun zalunce shi a maganar albashi, ban taɓa kallon ta haka ba sai da Maman Khalifa ta faɗa. Amma akwai abin da ya tsallake. A 2021, ba tare da ya gaya wa kowa ba, ya ɗauki kuɗin da aka ware na sayen kayan rani ya sayo tsohon injin cire tsakuwa daga hannun wani. Sai da ya sauke shi muka ji. Injin bai yi wata biyu ba ya tsaya, aka nemi kayan gyaransa aka rasa, har yau yana nan a zauren gidansu kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa. A wannan shekarar kayan Kadawa suka wuce mu muna kallo.

Abokina, ba burinka muke ƙi ba. Wallahi ni ma ina so in ga buhun nan. Amma tun daga ranar duk lokacin da ka ce "inji", abin da muke ji shi ne za ka sake yin gaban kanka. Inna kuma kuɗin nan shi ne na auren 'yarta ta ƙarshe. Kai kana ganin shekara goma masu zuwa, ita tana ganin bayan Sallah.

Na Bakin Kasuwa:
Tofa. Ashe ruwa ba ya tsami banza.

Maman Khalifa:
Kai Na Bakin Kasuwa, ɗazu kai ne mai cewa ya ware, yanzu kuma ka koma ɗan kallo.

Baban Amira:
Ban san kana nan ba. Ban ji daɗin ganin maganar a nan ba, amma ni na fara kawo ta, kuma ba ka yi mini ƙarya ba. Na sayi injin ne saboda na san in na kawo zama za a ƙi, na ce in ya yi aiki kowa zai yi shiru. Ban taɓa ba ku haƙuri a kai ba, na dai ce "ƙaddara ce" muka wuce. Da nake rubuta saƙon farko ma ko tunawa da shi ban yi ba, wannan ya fi ba ni kunya.

Ɗan Maraɗi:
Daga nan Nijar nake bin ku. Mu huɗu ne muke kai albasa da wake, muna ɗauko kaya ta Jibiya. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, muka zauna wata da watanni babu shige babu fice sai a Maris na 2024. A lokacin biyu suka ce a koma kiwon tumaki, biyu suka ce a jira. Da muka ga za mu ɓata, sai muka raba kuɗin gida biyu: babban kaso ya zauna na kowa, ba a taɓa shi sai duk huɗun sun yarda, ƙaramin kaso kuma duk mai wata dabara ya karɓa ya gwada, da wa'adi, ya dawo ya yi bayani. Mai tumakin bai ci wata riba ba, bai kuma faɗi ba. Amma har yau tare muke cin tuwo.

Lauyan Unguwa:
Abin da Ɗan Maraɗi ya faɗa ana iya rubuta shi ya zama doka a tsakaninku. Ku rarraba hukunci hawa-hawa. Cinikin yau da kullum har zuwa wani adadi, na mai gudanarwa ne shi kaɗai, ba sai ya kira kowa ba. Abin da ya haura adadin, rinjaye. Cin bashi, sayen kadara, ko zuba jari duka a abu ɗaya, sai kowa ya yarda. Da kuna da wannan na ƙarshen, da injin 2021 bai sayu ba, da ajiyar 2024 ma ba ta yiwu ba, tunda shi ya ƙi. Layi ɗaya ne da zai kare ku daga kurakuran biyu.

Ku kuma rubuta yadda mutum zai fita: sanarwar wata nawa, wa zai ƙiyasta kaya, a biya shi sau nawa. Mutane suna ganin rubuta wannan kamar fatan tsiya ne, alhali wanda ya san ƙofa a buɗe take ya fi zama da natsuwa. In kuma ka zaɓi warewa, dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yi wa ƙaramin kamfani rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, shi kaɗai, ba kamar da ba da sai an kai biyu.

Alhaji Na Kwari:
Injiniya ya gyara mini kuma na karɓa, madugu ba ya sauya garin da aka nufa. Amma ɗana, tunda abokinka ya fito, bari in ƙara ɗaya. Madugu ba kuɗi ne ke naɗa shi ba, ba kuma iya lissafi ba. Mutane ne suke yarda su bi shi cikin daji da dukiyarsu saboda bai taɓa yi musu rufa-rufa ba. Ka je wajen innarka kai kaɗai, ba a zama ba, ka tsuguna ka faɗa mata maganar injin nan da bakinka. In kuɗin auren ne damuwarta, ku fara cire mata nata ta huta, ko da sauran za su ƙara matsewa. Bai kamata kuɗin tsohuwa ya zauna a inda ake gwaji ba.

Ummu Hanan:
Matan da suke muku gumi fa? Tunda kuka koma ajiya ai sun rasa aikin. In za a sake zama a tuna da su.

Abu Sadik:
Su tara ne. Biyu har gida suka same ni suna tambaya ko an yi musu laifi ne.

Injiniya Sabo Gari:
Baban Amira, turo mini hoton injin da lambar da ke jikin farantinsa. Wani lokaci raga ce kawai ko fanka, kuma akwai maƙera a Kano da suke ƙera irinsu. Ban yi alkawari ba. Sannan kafin ka sayi komai, akwai masu injin da ke cire tsakuwa a biya su kan kowane buhu. Ka gwada buhu hamsin da kuɗinka, ka kai wa masu shago ka ga ko za su ƙara maka farashi saboda tsabtar. In sun ƙara, ka samu takardar da za ka ajiye a gaban mutum huɗu.

Baban Amira:
Na dawo, bayan kwana tara. Na je wajen Inna ranar Juma'a. Ta ce ta san maganar injin tun ranar da aka sauke shi, jira take ta ga ko zan zo. Ta yi mini faɗan da rabona da irinsa tun ina firamare, sannan ta sa aka kawo mini fura.

Mun zauna jiya a gidan yayana. An yarda a cire wa Inna kuɗinta a biya biyu, rabi yanzu rabi bayan kaka. An yanka mini albashi, bai kai abin da na nema ba. An yarda a dawo da gumi da rabin jarin. Maganar hawa uku ta Lauya, yayana ya ce sai ya ga rubutun tukuna, don bai yarda a ce ƙaninsa zai kashe kuɗi bai sani ba ko nawa ne, mun yi sa'a guda a kan wannan kaɗai ba mu gama ba. Buhu mai suna ban ma tayar da shi ba. Zan yi gwajin buhu hamsin ɗin da kuɗina, Abu Sadik ya ce zai sa na goma a ciki.

Injiniya, na tura maka hoton. Sai da na kori kaza kafin in ɗauka.

Injiniya Sabo Gari:
Na gani. Lambar ta goge, ka kankare tsatsar da ke gefen hagu ka sake ɗauka da rana.